Macen Jan-Tsauni

Ku samarin da kuke tsayawa a rumfata ta bakin tashar Agege kuna leƙen keji, ina jin abin da kuke faɗa. Wai sana'ar Baba Sale ba ta da wuya, zuba gero ne da sake ruwa, sai mutum ya miƙe ƙafa ya jira mai saye. Shekaranjiya ma wani cikinku ya ce in ara masa keji ya fara, wai kafin babbar salla zai wuce ni. To ga keji nan, ban hana kowa ba. Amma ku tsaya ku ji abin da ke cikinta tukuna, don ba zan maimaita ba. Ƙirjina ba kamar da ba ne.

A nan Zango aka haife ni. Ubana ɗaurin goro yake yi, ya so in gaje shi, hannuna ya ƙi. Huhun da na ɗaure, kafin ya kai Jebba ya saki. Da ya gaji sai ya ja ni wurin Baba Mato, wani Bazazzagi mai sayar da tsuntsaye, ya ce, "Ga shi nan. In ya ƙi, ka doke shi." Baba Mato bai taɓa dukana ba. Shi dai in ka ɓata aiki sai ya ɗauka ya juya shi a hannu, ya kalle ka, ya ajiye, ya tafi masallaci. Gara ya mare ka.

Keji na fara koya, kuma na daɗe ban taɓa tsuntsu ba. Ana samo tukurwa daga fadamar Ikorodu, a bar ta ta bushe a inuwa, don in rana ce ta busar da ita sai ta tsage. Totuwar ciki ita ce ginshiƙi, bayan kuma a fere shi siriri ya zama tsinke. Ratar tsinke ba a gwada ta da ido. In ƙaramin yatsanka ya shiga, asisi zai fita. In ka matse da yawa, mai saye ba zai ga launin tsuntsu ba, ya wuce. Kejin aku kuwa sai waya. Ka yi masa na tukurwa, kafin azahar ya cinye shi ya fito yana yawo a kasuwa. Wanda na fara gamawa, Baba Mato ya ɗaga shi daidai kafaɗa ya sake shi a ƙasa, ya wargaje. Ya ce, "Haka 'yan dako za su yi masa a tashar Iddo. Sake."

Danƙo kuma aiki ne daban. A sassari jikin gamji da sassafe a tari farin ruwansa, a dafa a kasko ana juyawa har ya yi yauƙi, a shafa a tsinke a kafa inda tsuntsu ke sauka shan ruwa. Wanda bai sani ba yana tsammani kamun ne aiki. Cirewar ce aiki. Man gyaɗa a yatsa, gashi ɗaya-ɗaya, kana riƙe da abin da bai kai goro nauyi ba. Ka ɗan matsa, ya mutu. Ka ɗan sassauta, ya bar maka jelarsa ya tafi. Akwai tarkon izgar doki, akwai raga, akwai tsuntsun kira da ake ajiyewa cikin keji ya yi ta kuka 'yan'uwansa su sauko. Kowanne da inda yake ci.

Masu saye iri-iri ne. Matuƙan jiragen ruwa a Apapa su aku suke so, kuma lalle mai magana. Na taɓa sayar wa ɗayansu akun da ya daɗe a rataye kusa da rumfar masu kifi. Yana ta murna wai tsuntsu na gaishe shi, ni kuwa na yi sauri na faɗa kwalekwale kafin a fassara masa. Akawunan Ikko su kanari suke so, su rataye a baranda. Yarabawa na zuwa neman jan gashin jelar aku don bukinsu. Matan Turawa kuma ƙanana masu launi, a tara musu cikin babban keji ɗaya. Cikin waɗannan ƙananan babu wanda ya kai jan-tsauni daraja.

Ku ba ku san shi ba, don ba na ajiye shi a rumfa yanzu. Kun san baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shiga tsakar gida tsintar tsaki? To kamarta yake, sai dai ya ɗan fi ta jiki, kansa ruwan toka, bayansa da ƙirjinsa ja kamar garwashi. Ba ya zama a gari, ba ya zama a kurmi. A dutse guda muka san shi duk ƙasar nan, can bayan Bukuru, inda duwatsu suka hau kan juna, da gajerun itatuwa masu ƙaya da doguwar ciyawa a tsakaninsu. Ƙwayar ciyawar wurin yake ci, cikin ƙayar wurin yake ɓuya. Baba Mato ya neme shi a wasu duwatsun tun yana saurayi, bai samu ba.

Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai mu hau jirgin ƙasa daga nan, mu bi ta Jebba da Kaduna, mu sauka Bukuru, sauran hanya a ƙafa. Gidan wani manomin acca muke sauka, sunansa Dung. Ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, amma shi da Baba Mato kamar wa da ƙane. Mu kai masa goro da gishiri, ya ba mu ɗaki da tukunyarmu daban.

A dutsen nan aka koya mini dokar sana'a. Zuwana na farko na ciro wani daga danƙo, launinsa ƙasa-ƙasa, ja kaɗan a ƙirji, na nufi keji da shi.

Baba Mato ya ce, "Ina za ka kai ta?"

"Keji, Baba."

"Mace ce. Goge ta ka sake ta. Namiji naka ne, mace ta dutse ce. In ka kwashe mata, baɗi ɗan wa za ka zo kamawa?"

Kuma ba a zuwa lokacin ƙwai, ba a leƙa sheƙa. Duk mai sana'ar na ƙwarai haka yake yi, kuma dokar ta ciyar da mu shekara da shekaru. Amma ku lura da abu guda. Saboda ita, babu ɗayanmu da ya taɓa ajiye mace, babu wanda ya taɓa ganin cikin sheƙa. Rabin tsuntsun muka sani.

Sai shekarar wahala ta zo, tsakiyar babban yaƙin nan na Turawa. Jiragen ruwa suka koma ɗaukar soja, matuƙi ba ya ta aku. Gero ya yi tsada har mutum na jin kunyar zuba wa tsuntsu abin da 'ya'yansa ke kallo. Na buɗe keji na saki waɗanda za su iya rayuwa a nan. Gauraka biyu kuwa maƙwabcina Tanko mahauci ya karɓa, ban tambaye shi abin da ya yi da su ba. A lokacin idon Baba Mato ya riga ya tafi, yana zaune a zaure, rumfa ta dawo hannuna. Ya ce in je dutse duk da haka, ko don a gai da Dung.

Ban gane wurin ba. Ana neman kuza ido rufe saboda yaƙi, an kwaso leburori daga ko'ina a Arewa an zube su cikin bukkoki a gindin dutsen. An haƙe gefe guda ya zama rami mai jan ruwa. Mutanen nan daga ƙasar zafi aka kawo su, ba bargo, sanyin wurin yana kashe su. Me za su yi? Suka hau dutse da gatari da adda. Itacen ƙayar nan duk ya tafi murhu, har saiwarsa suke tonowa. Ciyawa an yanke an yi jinka, saura an sa mata wuta don farautar ɓera. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne, ni ma zan sara.

Dung ya kai ni wani loko can sama, inda ƙaya ta rage kamar faɗin tsakar gida. Nan suka taru, duk abin da ya rage na jan-tsauni. Kallo ɗaya ka gama da su.

Ya ce, "Kafin wata ya mutu gatari zai iso nan. Kama duka."

Na ce, "Maza dai."

"Duka, Bahaushe. Har matan."

"Baba Mato zai tsine mini."

"Mato ya ce mace ta dutse ce. To ina dutsen?" Ya nuna ramin da sandarsa.

Ya ce akwai wani dutse gaba da ƙauyensu wanda kakanninsu suka hana sara da haƙa, amma dattawa na ta rigima da masu kuza a kansa, ba a san wanda zai ci ba. "In ka sake su can yau, gobe a zo da gatari, an yi aikin banza. Kai su Ikko ka riƙe mini. In yaƙi ya ƙare, dutsenmu na nan, ni ma ina nan, ka dawo da su."

Na kama maza huɗu da mata biyu.

Saukowa da tsuntsun dutse a jirgi aiki ne da ya kamata ku gani. Kada ka zauna kusa da inji, hayaƙi ne zai fara kashe su. A rufe keji da baƙin ƙyalle, a bar kafa ɗaya ta iska. Daga Minna zafi zai fara, sai a riƙa jiƙa ƙyallen. Ruwan dutsen nake zuwa da shi a gora, ina haɗa shi da na tasha kaɗan-kaɗan don cikinsu ya saba. Wannan karon na ƙara kaya: ƙwayar ciyawa, damin ciyawar kanta, acca, da wani ɗan falalen dutse da na gan su suna shan hantsi a kai. Ma'aikacin jirgi ya ɗaga kwandon ya ce, "Malam, dutse za ka kai Ikko?" Na ce, "Oga, na gado ne." Ya girgiza kai ya wuce. Duk da haka, muna barin Ilori na ɗaga ƙyalle na tarar da mace ɗaya a kwance, ƙafafu sama. Saura ɗaya. In ta mutu jan-tsauni ya ƙare, mazan sai dai su tsufa suna kuka.

Da na iso gida na shiga zaure na ajiye kaya. Baba Mato ya karkata kunne. Kukan macen ya fi na namiji taushi, ni kaina sai na natsu nake rabewa.

"Sale."

"Na'am, Baba."

"Wa ya shigo mini da mace gida?"

Na gaya masa abin da na gani. Sannan ya ce, "Ka san inda take sheƙa?"

"A'a."

"Ka san abin da take ba 'ya'yanta?"

"A'a, Baba."

"Ni ma ban sani ba. Ka ɗauko wa kanka." Ya lalubi butarsa.

Na yi mata kejin da ban taɓa yin irinsa ba, tsinke sumul, na haɗa ta da namijin da ya fi ƙarfi, na rataye su gaban rumfa daidai ido, ina sharewa safe da yamma. Mu haka muka san kula da tsuntsu, a sa shi inda za a gan shi. Duk wanda ya wuce sai ya ƙwanƙwasa keji. Ta daina ci, ta fara tsige gashin ƙirjinta, kullum tana maƙure a kusurwa. Sai da na ga tana cusa kai ƙarƙashin ƙwaryar ruwa na gane kejinmu na mai saye ne, ba na tsuntsu ba.

Bayan gida akwai wani lungu tsakanin bangonmu da madafar Iya Risi, Bayarabiya mai tuyar ƙosai. Na roƙe ta ta yarda, na rufe shi da tsohuwar komar kifi a kan sandunan gora. Na ɗebo duwatsu daga gefen layin dogo na jibge, na ɗora falalen nan a sama, na cuccusa ciyawa da ƙaya a tsakani. Na sa kwano ya rufe rabi, don ruwan Ikko ba ya jin magana. Na zagaye da toka saboda kwarkwasa. Sannan na hana kaina shiga. Ba shara, ba leƙe, abinci ta wata 'yar kafa.

Lokacin nan ne wani Kwara, Balarabe mai kantin yadi, ya ji labari ya zo har gida. Yana da mai saye, in ji shi, wanda zai ba da abin da zai riƙe gidana har yaƙi ya ƙare, in dai da macen. A ranar garin rogo muka jiƙa muka sha. Na ce ba tawa ba ce, ajiya ce. Tanko yana tsaye ya ce, "Ajiyar wa? Wani tsoho a kan dutse da ba ka san ko yana raye ba? Sale, kai fa kanka ya taɓu. 'Ya'yanka na shan gari, kana gina wa tsuntsu bene." Na ce ya je ya ji da hanjinsa.

Da damina ta yi nisa sai na ga namijin yana yawo da zaren ciyawa a baki, daga baya gashin kaza. Macen ta ɓace cikin duwatsu, sai jefi-jefi ta fito ta sha ruwa. Na ƙara acca, na daka gero lukui, na zuba ƙwayar ciyawar da nake ta tattali. Wata safiya na leƙa ta kafar abinci na ga abubuwa uku jajaye a ƙasa, tsirara, ko ido ba su buɗe ba. Ita ta jefo su. Na jawo su da tsinke na duba maƙoshinsu, fayau, ba komai ciki. Ga hatsi kuwa tuli a gabanta.

Iya Risi ta leƙo ta kan danga, matsamin ƙosai a hannunta. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana isa inda aka aike ta.

"Mala, me ya faru? Matarka ta yi ɓari?"

"Iya, yau ba ranar wasa ba ce."

Ta dubi tafina. "Me ka ba ta?"

"Acca. Gero. Abin da take ci tun kakanta."

"Kai da aka haife ka, tuwo aka fara ba ka?" Ta yi tsaki. "Ku maza! Zo nan."

Ta ja ni cikin madafarta ta nuna mini jinka. Ashe baiwar Allah na sheƙa a nan duk shekara, Iya na kallonta tana tuya. Muka tsaya. Uwar ta sauko gindin ginshiƙi inda gara ta yi hanya, ta wuce tsakin da ke zube a ƙasa ko kallo, ta fasa hanyar garar ta tsattsinci fararen, ta hau. Sama ta ɗauki kuka.

"Ka gani? Nama. Jaririnsu nama yake so."

Tarkon gara kowane mai kiwon zabi a Arewa ya san shi, ni ne ɗan Ikko ban sani ba, sai da wani Bafulatani mai rako shanu ya nuna mini. A sami tsohuwar tukunya, a cika ta da busasshen kashin shanu da karan masara, a yayyafa ruwa, a kife ta kan hanyar gara da yamma, a rufe da ganye. Da hantsi ka ɗaga, ta cika. Kada ka ɗauko masu jan kai, suna cizon maƙogwaro, fararen ake so. Kashin shanu kuma sai mayanka, wurin Tanko. Kullum ya hango ni da kwando sai ya ɗaga murya: "Ku ba shi hanya! Ga sarkin kashi ya fito rangadi!" Mahauta su yi ta dariya. Ban taɓa tanka masa ba, don shi ke tara mini a gefe ya shanya, in hadari ya taso ya rufe da buhu.

Ta sake ƙwai kafin ruwa ya ɗauke. Wannan ne na ƙarshe a shekarar, kuma ta rame, ban ga alamar za ta kai wata daminar ba. Safe da la'asar ina zuba gara ta kafar, kullum ƙasa nake fara dubawa. Ba komai. Ban sani ba ko rai ne ko ƙwai ne ya lalace, kuma ba halin leƙawa.

Wata ranar Juma'a na riƙo hannun Baba Mato za mu masallaci, muka bi ta gefen lungun. Sai ya ja ya tsaya.

"Yi shiru."

"Baba, za mu rasa sahu."

"Na ce ka yi shiru, ɗan banza."

Ni ban ji komai ba sai ƙarar man Iya Risi. Ya saki hannuna ya lalubi komar, ya kafa kunne. Can sai na ji, siriri, kamar ana goga tsinke a ƙwarya.

"Huɗu ne," in ji shi. "Ɗaya ya fi sauran ci." Ya ƙara kafa kunne. "Duk tsufana a dutsen nan ban taɓa jin wannan kukan ba." Sannan ya juyo inda yake tsammani fuskata take. "Me kake jira? Je ka ƙaro musu garar. Masallaci na san hanya."

Huɗun ne kuwa, kuma biyu mata. Ranar da suka fito suka jeru kan falalen dutse, Iya Risi ta taka rawa da matsami a hannu, ta raba ƙosai kyauta. Tanko ya zo ya leƙa ya ce, "Duk wahalar nan a kan waɗannan? Ko miya ba za su yi ba." Amma ya koma ya kira matarsa ta zo ta gani.

Daga nan abu ya miƙe. Na raba lungun biyu, na haɗa ƙananan matan da sauran mazan dutse, don kada jini ya zama ɗaya. Kwarkwasa ta taɓa shigowa ta cinye sheƙa guda, ɓera ya ci wata. Amma kafin sojoji su fara dawowa ta Apapa, lungun nan ya cika har Iya na ƙorafin ba ta jin masu sayenta. Jiragen ruwa suka dawo, na sayar da aku da kanari na farfaɗo. Jan-tsauni ko ɗaya ban sayar ba. Baba Mato bai ga tafiyar mayar da su dutse ba, ya rasu da azumin shekarar. Allah ya jiƙansa.

Na hau da su a keji uku, uwar tana ciki. Tsohon dutsen ko tsayawa ban yi ba, rami ne da tudun jar ƙasa, akuya ma ba ta hawa. Dung na same shi a ƙofar gidansa, ya rame, tari ya kama shi, amma yana nan. Dattawansu sun ci rigimar. Ya dube ni ya dubi kejin.

"Bahaushe, shida na ba ka."

"Ɗaya ta mutu a hanya."

"To waɗannan fa?"

"Riba ce."

Ba sa barin baƙo ya hau wancan dutsen, sai da dattawa suka zauna suka yarda, aka ce in cire takalmi, kada in karya ko tsinke. Ƙayar iri ɗaya ce, ciyawar iri ɗaya. Na ajiye kejin a inuwa kusa da ruwa, na bar su a rufe suka san wurin, sannan wata safiya na zare ƙofofi. Ba wanda ya fita. Suka zauna kan sanda suna kallonmu.

Dung ya ce, "'Yan Ikko ne. Mota suke jira."

Uwar ce ta fara. Ta sauko bakin ƙofa, ta juya kai, ta yi tsalle ɗaya kan dutse, ta shige ƙaya kamar jiya ta bar ta. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ban koma ba sai bara waccan, saboda ƙirjin nan da hidimar gida. Ban san abin da zan tarar ba. Tsuntsun da aka haifa a lungu, ga shaho, ga maciji. Lokacin acca ta nuna ne. Tun daga nesa na hango Dung a bakin gonarsa da ke jingine da duwatsun, ya ɗaɗɗaure gwangwanaye a igiya yana ja yana ihu. Da ya gan ni ko gaisuwa bai yi ba.

"Kai! Bahaushe! Zo ka kwashe 'ya'yanka!"

"Lafiya, Baba Dung?"

"Ina lafiya? Dubi!" Ya fizgi igiya, gwangwani ya yi ƙara, sai gefen gonar ya tashi ja, suka watsu cikin duwatsu. Kafin ya saki igiyar sun fara dawowa. "Tun safe nake nan. Na ce ka riƙe mini tsuntsu, ban ce ka koya musu cin banza irin na Ikko ba. Rabin accata sun cinye!"

Na ajiye kayana na zauna, na kwance goron da na kawo masa.

Na ce, "To in kafa danƙo in rage maka su?"

Ya karɓi goron ya ɓare, ya kalli dutsen yana taunawa.

"Taɓa ɗaya ka gani," in ji shi. Ya miƙo mini igiyar. "Ja. Hannuna ya gaji."